Nuwamba a Bakin Teku: Aikin Mai Lambun Gari Bayan Baƙi Sun Watse

 

Yau za mu ƙetara zuwa kudancin Ingila, mu sauka a garuruwan da ke gaɓar teku, mu bi ma'aikacin lambun gari mu ga yadda yake kwana yake tashi a watan Nuwamba, wato ƙarshen kakarsu, dab da shigar hunturu. Na zaɓi wannan wata da gangan. Duk wanda ya ga hoton waɗannan lambuna, ya gan su ne a watan Afrilu ko Yuli, furanni sun buɗe ja da rawaya da fari, jama'a na zaune a kan benci suna shan iska. A Nuwamba kuwa ba mai ɗaukar hoto, ba mai yabo, sai ruwan sama da laka da iska mai gishiri. Amma a cikin makonnin nan ne ake yin aikin da kyan lambun ya rataya a kansa.

Garuruwa irin su Eastbourne da Bournemouth da Torquay sun bunƙasa ne a ƙarni na 19, lokacin da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa wa mutanen Landan zuwa bakin teku. Layin dogo ya isa Eastbourne a 1849. Likitocin zamanin suna tura masu ciwon ƙirji can don su shaƙi iska mai tsabta, masu hali kuma suna zuwa hutu. Sai garuruwan suka shiga gasar jawo baƙi, kowanne yana ƙawata hanyar da ta bi gefen ruwa da ciyawa da furanni. A Eastbourne akwai lambun da ake kira Carpet Gardens kusa da gadar shaƙatawa da ta miƙa cikin teku, wanda ya yi suna fiye da shekara ɗari saboda yadda aka riƙa jera ƙananan tsirrai su ba da zane. Waɗannan lambuna na kowa ne, ba a biyan kuɗin shiga, majalisar gari ce ke ɗaukar nauyinsu daga harajin jama'a.

To, idan Nuwamba ta kama, garin ya yi tsit. Otal-otal da yawa sun rage ma'aikata, masu sayar da kayan sanyi sun rufe rumfuna. A lambun ma an sallami 'yan aikin wucin gadi da aka ɗauka don lokacin baƙi, an bar ƙwararru 'yan kaɗan. Rana ba ta fitowa sai bayan bakwai na safe, kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Ga ɗimbin aiki, ga gajeren yini, ga hannaye kaɗan.

Abu na farko da mai lambun bakin teku ya sani shi ne teku na ba shi da hannun dama, tana karɓa da na hagu. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. Ɗumin da teku ta tara duk tsawon lokacin zafi, a hankali take fitar da shi, shi ya sa a Nuwamba ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa yakan kasance wajen digiri 12 a ma'aunin zafi, alhali cikin ƙasa raɓa ta fara daskarewa da dare. Ga kuma igiyar ruwan ɗumi da ke gangarowa ta Tekun Atilantika tana ratsa yammacin Birtaniya. Saboda haka tsirran ƙasashe masu ɗumi suna rayuwa a Torquay, waɗanda da a tsakiyar Ingila aka dasa su da tuni sanyi ya kashe su.

Abin da teku ke karɓa kuwa, ta iska take karɓa. Guguwa na bugun igiyar ruwa, ta kwashi feshin gishiri ta watsa a kan ganye. Gishirin nan yana zuƙe ruwan da ke cikin ganyen, gefensa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, sabon toho ya mutu. In ka lura da bishiyoyin bakin teku za ka ga duk sun karkata sun ba ruwa baya. Mutane sukan ɗauka iska ce ta lanƙwasa su, amma babban dalili shi ne tohon da ke fuskantar teku gishiri ke kashe shi shekara bayan shekara, sai bishiyar ta yi ta girma ta ɓangare guda. Shi ya sa washegarin guguwa za ka iske mai lambu da bututun ruwa yana wanke ganyen ƙananan shuke-shuke, ko da kuwa ƙasa a jiƙe take sharkaf. Wani lokaci ma sai ya fara da shebur da baro, yana kwashe tsakuwa da yashin da teku ta watso cikin fangalin furanni.

Maganin iska kuma shinge ne, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin darasin ya shafe mu. Wanda bai san aikin ba zai ce a gina katanga. Katanga tana tare iska gaba ɗaya, iskar ta hau samanta, ta faɗo ta baya tana juyi da ƙarfi, ta karya abin da aka so a kare. Shingen itatuwa kuwa kamar rariya yake, yana barin wajen rabin iskar ta wuce amma ya karya mata lago. Irin wannan shinge yana ba da kariya har nisan da ya kai kusan ninki goma na tsayinsa. Masu lambun gaɓar teku suna yin sa hawa-hawa. A sahun gaba suna sa tsirrai masu jure gishiri, masu ganye mai kauri da sheƙi, ko mai gashi-gashi, ko siriri ƙwarai, irin su tamaris da eskaloniya da giriseliniya. Bayansu manyan itatuwa, sannan can ciki a ɓoye masu laushin jiki. Nuwamba lokacin duba wannan shinge ne: ina ya yi giɓi, wane reshe ya tsage, wace bishiya ta fara girgiɗi daga tushe.

Akwai wani lambu da ke nuna wannan ƙarara, a tsibirin Tresco, cikin tsibiran Scilly, wajen kilomita 45 daga ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Wani mutum mai suna Augustus Smith ya karɓi hayar tsibiran a 1834, ya tarar da wurin fili fetal, iska na kaɗawa ta ko'ina. Ya fara da ganuwar dutse, daga baya aka dasa itatuwan kariya da aka samo daga Kalifoniya ta Amurka. A bayan wannan kariya aka tara dubban tsirrai daga Afirka ta Kudu da Ostireliya da Kudancin Amurka da sauran wurare, har ya zama al'ada a ƙirga waɗanda suka yi fure a farkon sabuwar shekara, tsakiyar hunturu, kuma sukan haura 200. Sai ga Janairun 1987, dusar ƙanƙara da sanyin da ba a saba gani ba suka halaka mafi yawan tsirran. Ana cikin farfaɗowa, guguwar Janairun 1990 ta zo ta kayar da mafi yawan itatuwan kariyar. Masu lambun ba su fasa ba, suka koma dashen kariya tukuna, domin sun san in babu ita duk abin da suka shuka asara ce.

Manoman kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar ba za su ji wannan magana baƙuwa ba. Tun daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro bibbiyu a gonakinsu, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji, don a karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. A can gishiri, a nan rairayi, amma hikimar ɗaya ce.

Mu dawo cikin lambu. Babban aikin ƙarshen kaka shi ne sauya kayan fangali. Furannin lokacin zafi, irin su jeraniyom da begoniya, an tuge su tun Oktoba. Sai a kafta ƙasa, a zuba taki, a baje da manjagara, a dasa tsirran da ke iya kwana cikin sanyi su yi fure in ɗumi ya dawo. Tsakaninsu ne ake binne albasar tulif, kuma ita ce sarauniyar aikin Nuwamba.

Tulif asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya yake, ya bi ta Daular Usmaniyya ya isa Holan a ƙarni na 16, kuma har yau Holan ce ke sayar wa duniya mafi yawan albasarsa. Majalisar gari takan yi odar dubbai tun watanni kafin lokacin. Me ya sa ake jira sai Nuwamba, alhali albasar dafodil tun Satumba ake binne ta? Akwai wata cutar funfuna da ke kama tulif, ganyen ya murɗe ya yi tabo tamkar wuta ta taɓa shi, kuma tana yaɗuwa ne in ƙasa na da ɗumi da laima. In aka bari ƙasa ta yi sanyi, cutar ba ta samun ƙarfi. Ana binne kowace albasa zurfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na tsayinta, wajen santimita 15, tsininta na kallon sama. Daga nan sai ta yi makonni 12 zuwa 16 cikin sanyi, kuma wannan sanyin ne ke sa furen da ke cikinta ya kammala. In ba ta sha shi ba, ba za ta yi abin kirki ba, dalilin da ya sa ke nan ba a ganin tulif a lambunan ƙasashenmu.

Ku yi tunanin aikin, jama'a. Mutum a durƙushe a kan laka, yatsu sun ƙage don sanyi, yana binne albasa ɗaya bayan ɗaya har ɗaruruwa a yini, yana bin zanen da aka shata a takarda: ja a nan, fari a can. Duk albasar kamarsu ɗaya a ido. In ya haɗa buhu biyu bisa kuskure, ba wanda zai sani sai bayan wata biyar, ranar da furen ya buɗe gari duka ya gani. In ya gama kuma sai ya shimfiɗa ragar waya a kai, saboda kurege na son albasar tulif, yana tone ta ya cinye. Dafodil kam ba ya taɓa ta, tana da guba.

Sai masu buƙatar bargo. Furen daliya ana barinsa har daren farko da sanyi ya baƙanta ganyensa, sannan a yanke kara, a tono saiwar, a busar da ita, a ajiye inda ba ya daskarewa. A garuruwan da suka fi ɗumi wasu masu lambu ba sa tonowa, sai dai su lulluɓe gindin da taki mai kauri. Wannan hukunci ne da ba littafin da zai yanke wa mutum, sai sanin ƙasarsa: wane lungu ne ruwa ke kwanciya, wane ne sanyi ke taruwa. Ayabar ado, wadda aka fi sani da ayabar Japan, ana sare mata ganye, a kewaye ta da raga, a cusa karan alkama, a rufe sama don kada ruwa ya shiga ya ruɓar da ita. Akwai kuma bishiyar da ta zama tambarin Torquay, wadda mutanen garin ke ɗauka a matsayin dabinon garinsu ko da yake ba dangin dabino ba ce, daga Niyu Zilan aka kawo ta. Ƙananan cikinsu ana tattara ganyensu a ɗaure sama, don kare tsakiyar da sabon ganye ke fitowa. Sanyin Disamban 2010 ya kashe saman da yawa daga irin wannan bishiya a faɗin Birtaniya. Masu lambun da suka yi haƙuri ba su tuge su ba, sun ga yawancinsu sun sake tohowa daga gindi.

Wardi ma ana rage masa tsayi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ainihin askinsa sai ƙarshen hunturu, wannan don kada iska ta yi ta jijjiga shi ne har rami ya buɗe a gindinsa, ruwa ya taru ya daskare a kan saiwa.

Daga Nuwamba zuwa Maris ne kuma lokacin dashen bishiya. Itatuwa sun zubar da ganye sun yi barci, ana iya tono su daga gidan reno ba ƙasa a saiwarsu, a kawo a dasa, kuma sun fi na cikin tukunya araha nesa ba kusa ba. Farkon lokacin ya fi, domin ƙasa na da sauran ɗumi, ruwan sama na sauka, saiwa ta kama kafin ganye ya fito ya fara neman ruwa. A bakin teku gogaggen mai lambu yakan zaɓi ƙaramin dashe a kan babba, ya kafa masa gajeren turke ta ɓangaren da iska ke fitowa. Gajere, don saman bishiyar ya riƙa motsi, saboda motsin ne ke sa ta ƙara kauri ta kafa saiwa da kyau. Wadda aka ɗaure tam har wuya, ranar da aka cire turken ranar take faɗuwa.

Tsofaffin ma'aikata a kudancin Ingila ba su manta daren 15 ga Oktoban 1987 ba. Kafin gari ya waye guguwa ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15, mutum 18 suka rasu a Ingila. Abin da ya tsananta ɓarnar shi ne an yi ta ruwa kafin ranar har ƙasa ta yi laushi, bishiyoyi kuma ba su gama zubar da ganye ba, sai iska ta sami abin kamawa. Shi ya sa duba lafiyar manyan itatuwa kafin guguwar hunturu ba abin wasa ba ne a wurin da yara da tsofaffi ke wucewa kullum.

Ganyen da ya zuba fa? Ana share shi daga kan hanya don kada tsoho ya zame, ana kwashe shi daga kan ciyawa don kada ta ruɓe, ana fitar da shi daga magudanun ruwa. Amma ba a cinna masa wuta. Tara shi ake yi a keji na waya, a bar shi shekara ɗaya zuwa biyu, ya koma baƙar ƙasa mai laushi da ke riƙe laima, abin da ƙasar bakin teku mai yashi ko alli ke matuƙar buƙata. Ganye mai cuta, irin na wardi, shi ake warewa. Wasu kuma suna bin tsohuwar al'adar manoman Cornwall da tsibirin Jersey, su kwaso ciyawar teku da guguwa ta turo gaɓa su yi taki da ita, inda doka ta yarda. In kuma dole a ƙona tarin itace, musamman wajen bikin wasan wuta na 5 ga Nuwamba, sai an ɗaga tarin an duba, domin bushiya takan shige ciki neman wurin barcin hunturu. Wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai: mutum yana cikin sauri da sanyi, amma ya tsaya don ran dabbar da ba ta kai tafin hannu biyu ba.

A tsakiyar wannan duka akwai ranar 11 ga Nuwamba da Lahadi ta biyu ta watan, lokacin da Birtaniya ke tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Kusan kowane gari na da dutsen tunawa, sau da yawa a cikin lambun bakin teku, kuma mai lambu ne zai gyara wurin tsaf kafin jama'a su taru, ko da daren jiya guguwa ta yi kaca-kaca da shi.

Kada ku ɗauka wannan aikin leburanci ne kawai. Mai lambun gari yakan yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin na gaba da shi, wasu su yi jarrabawar ƙungiyar masana lambu ta Birtaniya, RHS, wadda aka kafa a 1804. Fesa maganin ƙwari a wurin jama'a sai da takardar shaida. Duk da haka albashin ba shi da yawa, kuma kuɗin lambuna na cikin abin da majalisu ke fara yankewa in aljihu ya yi zafi. Wani rahoto da asusun Heritage Lottery Fund ya fitar a 2016 ya nuna fiye da tara cikin goma na masu kula da wuraren shaƙatawa a Birtaniya an rage musu kuɗin gyara a shekaru ukun da suka gabaci rahoton. Wannan ne ya sa garuruwa da dama suke rage furannin da ake sauyawa sau biyu a shekara, suna komawa ga tsirrai masu daɗewa da ba su shan ruwa sosai. Ni ina ganin sauyin tsirran ba laifi ba ne, har ma yana da amfani ga ƙudan zuma da sauran ƙwari. Abin tsoro shi ne a rasa mutanen. Wanda ya yi shekara ashirin a lambu ɗaya ya san inda iska ke shigowa da inda ruwa ke tsayawa, kuma ranar da aka sallame shi wannan sani ya tafi da shi, ba ɗan kwangilar da zai zo da shi a mota.

Jama'ar garuruwan kuwa ba su ɗauki lambunansu da wasa ba. A Disamban 2023 aka sare kimanin 40 na bishiyoyin nan masu kama da dabino a wani lambun bakin teku a Torquay ba tare da an tuntuɓi mutanen gari ba. Ƙorafi ya tashi har ya kai manyan jaridun ƙasar, sai da majalisar yankin ta fito ta yi bayani. A wurare da yawa kuma mazauna unguwa sun kafa ƙungiyoyin sa-kai, suna fitowa da safiyar Asabar su taya ma'aikata binne albasa da kwashe ganye.

To, masu sauraro, mu waiwayo gida. Mu lokacin gwajinmu ba sanyi ba ne, rani ne. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa a garuruwanmu, manya su zo, a ɗauki hoto, a watse. Zuwa Maris nawa ne ke raye? Galibi ba mai ban ruwa, ba keji, awaki sun cinye, ganyen da ya kamata ya zama taki an tara an ƙona hayaƙi ya cika unguwa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da aka ware kuɗin dashe, ranar ya kamata a ware na wanda zai kula da shi wata goma sha biyu, har da watannin da ba mai zuwa kallo.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu unguwanni da shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai: in kuna da fili mai itatuwa, ku ɗauki mutum guda da ya san aikin, ku biya shi a kan kari, ku bar shi ya daɗe a wurin. Matasa masu neman sana'a, ku je wurin masu renon tsirrai da ke bakin hanya ku koya. Kai kuma mai sauraro, bishiyar da aka dasa a ƙofar gidanka bana, ka kewaye ta da ƙaya ko waya tun yanzu, ka tara busasshen ganye a gindinta, ka riƙa ba ta bokitin ruwa har damina ta dawo.